Mai Lalurar Bayan Gida Ba Ya Barin Sallah



Ya 'yan uwana matasa, a babin tsarki akwai mas'alar da muke karantar da ɗalibai a Islamiyya mu wuce da sauri, wato hukuncin wanda najasa ke fita masa ba da ikonsa ba, alhali ibadar wani bawan Allah kacokan a kanta ta rataya.

Baffana yana fama da ciwon daji na dubura wanda ya yi nisa, har ba ya iya riƙe bayan gida. Zafin ciwon bai sa shi hawaye ba, sai zaton da ya yi cewa lalurar ta raba shi da sallah. Na ce masa, "Baffa, shari'a ba ta manta da kai ba."

A mazhabar Imam Malik, abin da ke fita haka, idan ya lizimci rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Jumhurun malamai kuwa, bisa ƙiyasi da mai jinin istihala, sun ce ya wanke wurin, ya yi ƙunzugu, ya yi alwala bayan shigar lokaci, ya yi sallarsa ko da wani abu ya fito. Imrana bin Husaini ma, da basir ya matsa masa, Manzon Allah (SAW) ya yi masa rangwamen sallah a zaune, in ya kasa, a kan gefensa.

Mun tanadar wa Baffa ƙunzugun manya, ruwan ɗumi, man shafawa don kada fata ta saluɓe, da tufafin sallah daban. Mun kuma hana kowa yamutsa fuska a gabansa.

In akwai irinsa a gidanku, ku isar masa da wannan sauƙi, ku suturta shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.