Yatsu Uku da Takardar da Ba Mu Sa wa Hannu Ba

Litinin

Bayan la'asar aka kira ni, aka ce injin niƙa roba ya kama hannun ƙanina a kamfanin da yake aiki a Sharaɗa. Ko da na isa asibitin ƙashi na Dala, an riga an shiga da shi ɗakin tiyata. Abokan aikinsa ne suka kawo shi a A Daidaita Sahu, gaban rigar ɗayansu duk jini ya bushe. Shi ne ya ja ni gefe ya ce murfin da ke kare bakin injin an daɗe da cire shi don aiki ya yi sauri. Yatsu uku suka tafi, a hannun dama.

Talata

'Yan dubiya sun cika ɗaki, kowa da "Allah ya kiyaye gaba". Shi kuwa da ya farfaɗo tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaya, za su mayar da ni aiki kuwa?" Yana da mata da yara biyu, kuma da hannun nan yake ciyar da su. Ban ba shi amsa ba.

Laraba

Wakilin kamfani ya zo da ambulan da wata takarda ta Turanci. Ya yi jaje cikin ladabi, sannan ya ce kuɗin magani ne, ƙanina ya dangwala da hagu a wuce wurin. Na karanta. Takardar cewa take da zarar ya karɓa, ba shi da sauran magana da kamfani har abada. Na ce, "Malam, a ba mu lokaci mu yi shawara." Fuskarsa ta canza, ya ce ai yaron ma ɗan wucin gadi ne, alfarma ake yi masa. Na ɗauki hoton takardar da waya kafin ya mayar da ita jaka.

Alhamis

Na je wurin wani lauya da muka yi makaranta tare. Abin da na ji yau ya hana ni barci, domin shekaru goma sha da kafa dokar nan amma ko sunanta ba a ji a bakin ma'aikatan kamfanoninmu.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ce ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma haramun ne ya yanke ko sisi daga albashin ma'aikaci don wannan. Daga asusun ake biyan magani da diyya. Ma'aikaci ba ya buƙatar tabbatar da cewa laifin kamfani ne. Ya isa a ce a bakin aiki ya ji raunin, ko ma a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Maganar wucin gadi kuwa ba ta da tushe, don dokar ta haɗa da ɗan wucin gadi har da mai koyon sana'a. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, irin ƙanina kuma gwargwadon abin da raunin ya rage masa na neman abinci.

Da na nuna wa lauyan hoton takardar jiya, ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe wannan haƙƙi da ita banza ce a idon doka. To amma mutum nawa ne suka dangwala, suka koma gida suna ganin magana ta ƙare?

Ya gargaɗe ni kan lokaci. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. In aka yi hukuncin da bai gamsar ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Juma'a

Na kai takardar sanarwa kamfani, da rana da lokaci da wurin da abin ya faru. Ban bar bakin tagar ofis ba sai da aka buga hatimi a kan kwafina.

Da daddare Inna ta kira ni. "Ka bar maganar nan, ƙaddara ce. Kada a ce muna cin kuɗin jini." Na durƙusa na ce, "Inna, na yarda ƙaddara ce. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka diyyar kowane yatsa raƙuma goma." Ta yi shiru can, sannan ta ce in bi a hankali, kada a kori yaran da suka kawo shi asibiti. Tsoronta gaskiya ne, ni ma shi nake ji. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya daina ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinsa ba.

Asabar

An wanke ciwon. Ya fara koyon cin tuwo da hagu.

Litinin

Na je ofishin NSITF da rahoton likita da rasit na magani da katin aikinsa. Tambayar farko da jami'in ya yi ita ce ko kamfanin ya yi rajista yana zuba kasonsa. Ƙanina bai sani ba, abokan aikinsa ma haka. Za a bincika.

Kai da kake tsaye gaban inji a Bompai ko Challawa ko Sharaɗa, ka tambayi wannan tun hannunka yana lafiya. Ka adana katin aikinka da takardar albashi. In tsautsayi ya faɗa maka, kada ka dangwala wa takardar da ba a karanta maka ba.