YOLA DA JIMETA: INDA HANYAR DOGO BA TA KAI BA

Duk matafiyin da ya nufi Yola daga Gombe tilas ne ya shiga mota, ya ratsa Billiri da Kaltungo ta gindin duwatsun Tangale, ya haye Kogin Binuwai ta gadar Numan, sa'an nan ya sauka Jimeta. Tafiya ce ta fiye da kilomita 200, kuma da ya ba Gombe baya ba zai ƙara ganin hanyar dogo ba. A duk faɗin Jihar Adamawa babu tashar jirgin ƙasa ko guda ɗaya.

Mafarin wannan al'amari shi ne kogin kansa. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ɗan nesa da gaɓar Binuwai. Ta wannan kogi ne Turawan ciniki suka fara zuwa, ta nan kuma sojan Ingila suka biyo a 1901 suka ci garin a zamanin Lamiɗo Zubairu. Daga nan Jimeta, wadda ke bakin ruwa, ta bunƙasa ta zama mashigi da mafitar kaya.

A wancan zamani Binuwai ita ce reluwen Adamawa. Da damina ta yi nisa ruwa ya cika, sai jiragen ruwa na kamfanoni su taso daga Burutu da Warri, su biyo ta Lakwaja da Makurɗi, ɗauke da gishiri da tufafi da kananzir. Su juya da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Waɗansu ma har Garwa suke zarcewa, cikin ƙasar Kamaru. Amma fa ciniki ne na 'yan watanni: da kaka ta kama ruwa ya ja baya, sai jirage su ɗauke ƙafa sai baɗi.

Da yake kogi na ɗaukar kaya da araha, Turawa ba su ga dalilin kashe kuɗi a kan dogo ba. Inda riba ta kira su kuwa, ko tsauni bai tsayar da su ba. Jirgi ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta bi shi. Saboda kuza aka ja ɗan siririn layi daga Zariya ya hau tsaunukan Jos a 1914. Layin ƙarshe, wanda ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, ya bar Yola a gefe.

A cikin shekarar nan ta 1964 ne Japan ta buɗe jirginta mai gudun tsiya tsakanin Tokyo da Osaka, ga shi kuwa yawancin ƙasarta tsaunuka ne. Birnin Kobe, alal misali, a matse yake tsakanin teku da Dutsen Rokko. Tun 1932 ake hawa dutsen nan cikin tarago wanda igiyar ƙarfe ke ja, a 1972 kuma aka buɗe hanyar da aka huda ta cikinsa, mai tsawon kilomita 16, jirgi na ratsawa.

Mutanen Adamawa su ma ba baƙin dutse ba ne. Wanda ya tsaya bisa gadar Jimeta zai hangi duwatsun Bagale a ƙetaren kogi. Kudu da Yola ga duwatsun Verre, can kan iyakar Kamaru kuma ga Alantika. A Sukur, cikin tsaunukan Mandara, mutanen dā sun daɓe hanyoyi da duwatsu tun daga ƙasa har fadar Hidi a bisa, aikin da ke cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999. Balle ma hanyar Gombe zuwa Yola ba ta bukatar dogon rami irin na Kobe. Babban aikinta shi ne ƙetare Binuwai.

Yau kogin ya gaza. Tun da Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982 tafiyar ruwan ta sake, rairayi ya yi yawa, manyan jirage sun daina zuwa, sai kwale-kwale da jiragen fito. In kuwa an saki ruwa bayan damina mai ƙarfi, kamar a 2012 da 2022, sai ambaliya ta cinye gonaki. Nauyi duka ya koma kan titi: shanun da ake kaiwa Kudu, da shinkafa da masara, da siminti da man fetur, duk a bayan manyan motoci. Titi na farfashewa, kuɗin dako na hawa, manomi ya sayar da araha, mai saye ya saya da tsada.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya bi ta Gombe. In Allah ya sa aikin ya kammala, abin da Adamawa ke bukata shi ne reshe daga Gombe ta Numan zuwa Jimeta. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yola kam ta daɗe tana jira.