Karofi a Matsayin Ɗakin Gwaji: Dogon Hutun Malamin Kimiyya a Birnin Kano

A ƙarshen watan Yuli ake rufe makarantun sakandare a Kano, ba a komawa sai Satumba ta kama. Waɗannan makonni su ake kira dogon hutu, kuma suna faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da lungunan cikin birni ke cika da taɓo, kududdufai su tumbatsa, katangun ƙasa su riƙa jiƙa suna zaizayewa. Ga malamin kimiyya, wannan ne kaɗai lokacin da yake da sararin komawa ɗalibi, domin daga Satumba zuwa Yuli bin manhaja da makin takardun yara da shirya su ga jarrabawa sun cinye masa rana da dare. Abin da ya yi da waɗannan makonni shi zai bayyana a ajinsa shekara guda cur.

Hanyoyin da aka tanada domin ƙara wa malami sani a lokacin hutu sanannu ne. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka fi sani da STAN, an kafa ta tun 1957, kuma bisa al'ada a watan Agusta take yin babban taronta na shekara, inda ake gabatar da takardu, a kuma yi bita a kan dabarun koyarwa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana horar da malaman da ke bakin aiki. Jami'o'i da kwalejojin ilimi suna buɗe karatun lokacin hutu ga mai neman digiri ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Hatta makin takardun WAEC da NECO wata makaranta ce, domin a nan malami yake ganin inda yara suka fi yin tuntuɓe. Sai dai mafi yawan waɗannan hanyoyi suna bukatar guzuri: kuɗin rajista da na mota da na masauki. Malamin da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba yakan ga ya fi masa sauƙi ya koma gona, ko ya tsare shagon ɗan'uwansa a Kantin Kwari, ko ya tara 'ya'yan maƙwabta yana yi musu darasin hutu.

Kano ba baƙuwa ba ce a fagen koyar da kimiyya. A 1977 gwamnatin jiha ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa tace ɗalibai ta hanyar jarrabawa tana tura su can, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke alfahari da su a yau daga nan suka fito. Abdalla Uba Adamu ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan waɗannan makarantu a Jami'ar Sussex a 1988. Amma makarantun nan na kwana ne, a wajen gari suke, kuma ƙalilan suke ɗauka. Galibin 'ya'yan cikin ganuwa a makarantun jeka-ka-dawo suke karatu, inda aji ɗaya kan cika har a rasa wurin zama, kuma sau da yawa yaro ba ya taɓa kwalbar gwaji da hannunsa sai jarrabawar ƙarshe ta ƙarato.

A irin wannan makaranta wani malamin kimiyyar sinadarai yake koyarwa. Haifaffen cikin birni ne, kuma hanyarsa ta zuwa aiki ta gaban marinar Ƙofar Mata take bi, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Wata damina da kuɗin zuwa taro bai samu ba, sai ya yanke shawarar ya kashe hutunsa a karofin. Ya tafi da goro, ya tuɓe takalmi ya gaida dattijon da ya tarar a bakin rami, ya kira shi Baba, ya ce karatu ya zo ɗauka. Dattijon ya yi dariya, ya ce wane karatu Malam zai samu wurin mutumin da bai taɓa riƙe alli ba, amma ya tura masa kujera 'yar tsugunne. Ya yi makonni uku yana zuwa da hantsi, yana komawa bayan azahar.

Abin da ya gani a ramin shi ne darasin da ya fi ba ɗalibansa wahala, wato babin oksideshon da ridakshon. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka in aka zuba shi haka nan ba zai kama zare ba. Marini yakan haɗa baba da toka da kanwa a rami mai zurfi, ya cika da ruwa, ya riƙa motsawa, ya bar shi kwanaki har ya ruɓa. Toka da kanwa suna ba ruwan kaifi, ƙwayoyin bakteriya kuma suna cinye iskar oksijin da ke cikinsa, su juya shunin zuwa wani yanayi mai narkewa, mai launin kore da ruwan ɗorawa. A wannan yanayin yake ratsa zaren auduga. Da an ɗago ƙyallen sai a gan shi kore-kore, kafin a ƙirga ɗari iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo, domin oksijin ta mayar da shunin yadda yake tun farko, ya maƙale a cikin zare ba ya fita. Shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a sake tsomawa, har launin ya kai yadda ake so. Malamin ya shekara bakwai yana rubuta wannan bayani a allo da Turanci, yara suna haddacewa suna mantawa, alhali ana aikata shi kullum tafiyar minti goma daga ajinsu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Daga karofi ya faɗaɗa yawonsa. A wurin majema ya ga yadda ake jiƙa fata a ruwan toka domin gashi ya saki, sannan a jeme ta da dakakkiyar bagaruwa, wadda sinadarin da ke cikin kwasfarta yake ɗaure furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa. A Kasuwar Kurmi ya sayi zoɓo da kanwa da tsamiya, ya gwada a gida: ruwan zoɓo yakan ƙara ja in an ɗiga masa tsamiya ko lemon tsami, ya juya kore-kore in an ɗiga masa ruwan kanwa. Ke nan da kuɗin da bai kai na hawa adaidaita sahu ba, kowane benci a ajinsa zai iya samun abin gwada asid da kishiyarsa, aikin da ake jiran takardar litmos ta yi. Abokiyar aikinsa mai koyar da kimiyyar halittu ta ɗauki dabarar ta kai ta bakin kududdufi, ta ɗebo ruwa a kwalaben jam, ta ajiye a tagar gidanta tana lura da yadda tsutsar sauro ke rikiɗa, da yadda talibambam ke fitar da ƙafafu. Agusta ce watan da ake samun waɗannan a wadace, kuma a Agusta makaranta a rufe take, don haka ta riƙa zana su tana rubuta kwanan wata domin amfanin Satumba.

Kada a ɗauka karofi zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje. Dattijon marini yana gane rami ya nuna ta wari da kumfar da ke samansa, wani lokaci har ya ɗanɗana a harshe, kuma da wuya ya kuskure. Amma kimiyyar makaranta lamba take nema: nawa ne kaifin ruwan, nawa ne zafinsa, kwana nawa ya ɗauka, me zai canja in an rage toka. Malamin ya fahimci haka a mako na biyu, sai ya riƙa zuwa da ma'aunin zafi da takardar awon kaifi da ya aro, yana rubuta abin da ya samu kusa da hukuncin dattijon. Yaron da zai zauna jarrabawa dole ya iya riƙe kayan awo, ya karanta ma'auni, ya yi lissafi, kuma wannan nauyi yana nan a wuyan hukuma. Amfanin karofi shi ne yaro ya ga abin da idonsa kafin a ba shi sunansa, ya kuma san cewa kakanninsa sun sarrafa shi ɗaruruwan shekaru kafin kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897.

Inda malamin ya fi shan wahala shi ne wurin harshe, kuma nan ne zancen ya shafi manazarta Hausa kai-tsaye. Marini yana da kalmominsa: baba da shuni, da katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin tsohon rami, da laso, wato shafen da magina ke haɗawa da katsin nan da gashin jima da dafara domin hana ruwa ratsa gini. Littafin makaranta yana da nasa kalmomin na Turanci. Tsakanin biyun babu gada a hannun malamin aji. In ya ce wa yara rami ya mutu, kamar yadda ya ji a karofi, sun gane nan take. In ya nemi ya faɗi dalilin mutuwar da Hausa, sai ya tsinci kansa yana ƙirƙirar kalma a tsaye, gobe ya manta ta, malamin makarantar gaba kuma ya ƙirƙiri wata daban. A aikace yawancin malaman cikin birni da Hausa suke bayani, su rubuta a allo da Turanci, ko da kuwa takardar hukuma ba ta ce haka ba. Wannan Hausar aji tana nan tana aiki kowace rana, ba tare da an tattara ta ko an daidaita ta ba.

Kayan aikin tattarawar kuwa akwai su. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin rini da jima da ƙira da gini waɗanda matasan yau ba su taɓa ji ba. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi kundinsa na 1975 a kan masana'antar rinin tufafi ta ƙasar Kano a ƙarni na 19, masana'antar da ta ba Heinrich Barth mamaki da ya zo Kano a 1851. Sassan Hausa na jami'o'in Arewa suna da kundaye masu yawa a kan sana'o'in gargajiya, jibge a kan kantoci. An taɓa yin irin wannan aiki ga nazarin harshe da adabi, aka daidaita kalmomin fannu da Hausa, kuma a yau ɗalibi yana rubuta kundin digiri na uku da su ba tare da in'ina ba. Malamin kimiyya bai san waɗannan taskoki suna nan ba, manazarcin Hausa kuma bai san cewa kalmar da ya tsinta a filin bincike amsa ce ga tambayar da ake yi a aji biyar na sakandare ba.

Dogon hutu shi ne lokacin da waɗannan mutane biyu suke da sarari a tare. Ba a bukatar otal ko kuɗin jirgi. Mako biyu a watan Agusta sun isa a haɗa malaman kimiyya na makarantun cikin ganuwa da ɗaliban Hausa masu neman babban digiri, su zauna a gaban marina da majema da maƙera da magina, a biya waɗannan dattawa ladan koyarwa kamar yadda ake biyan duk wanda ya gabatar da takarda a wurin bita. Malamin kimiyya ya auna, ya bayyana abin da ke faruwa. Ɗalibin Hausa ya naɗi murya, ya rubuta kalma da yadda ake furta ta da yadda ake amfani da ita. Abin da zai fito ɗan ƙaramin littafi ne, darasi goma ko goma sha biyu, kowanne da kalmar sana'a da kalmar manhaja gefe da gefe, wanda za a iya rarrabawa ta WhatsApp kafin a koma makaranta.

Akwai dalilin gaggawa. Ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun bushe, wasu sun cika da shara, domin atamfa da shadda na waje da rinin sinadari sun kwashe kasuwa, kuma 'ya'yan marina da dama sun kama wasu sana'o'in. Kududdufan birni ana cike su ana gini a kansu. Wanda ya san bambancin warin ramin da ya nuna da na wanda ya mutu yawanci mai furfura ne, kuma saninsa ba a rubuce yake ba. Kowace damina da ta wuce ba a zauna a gabansa da littafi da ma'auni ba, wani ɓangare na wannan sani yana tafiya, tare da kalmomin da ke ɗauke da shi.