Kifin Scotty

Kiɗan punk bai taɓa yi mini daɗi ba. Ihu ne da dukan jita na samarin Landan da New York na wajen 1977, waƙar kafin ka gyara zama an gama ta. Amma littafin Jennifer Egan da ya taɓo duniyar punk ɗin, A Visit from the Goon Squad, da ya fito a 2010 ya ci kyautar Pulitzer a 2011, ya hana ni sakat.

Babi 13 ne, kowanne da mai labarinsa, shekarun kuma a cakuɗe. Akwai babin da yarinya ta rubuta kacokan da PowerPoint, wanda kowa ke zuzutawa. Ni dai na wuce shi da sauri. Egan na iya nuna maka yaro yana rawa da yayarsa a Kenya, nan take ta faɗa maka yadda zai kashe kansa bayan ya girma, ta koma kan rawar.

Inda na tsaya shi ne kan Bennie da Scotty. A San Francisco, a 1979, ƙungiyar kiɗa ɗaya suke, kuma Scotty ne mai baiwar. Shekaru suka ja, Bennie ya zama mai kamfanin waƙa a New York, Scotty yana shara, haƙora sun zube. Ya kamo ƙaton kifi a kogin East River, ya naɗe a jarida, ya kai wa abokinsa tsaraba har ofis. Bennie kuwa duk hankalinsa na kan abin da aka zo nema.

Na san kujerar Bennie. Idan abokin firamare ya yi sallama a ofishina, takalminsa duk ƙura, bakina na cewa "Mutumina, ina ka shige?" zuciyata na ƙirga abin da ke aljihu. Sau tari ba roƙo ya kawo shi ba. Wanda ya san shi lokacin da shi ne gwanin aji yake nema, ni kuma tsoron wannan sanin nake, don ya san ni ina kwafar lissafinsa.

Egan ta ba Scotty bakin labarin, ta haka muka ga bai fito yana jin an fi shi ba. Katin da Bennie ya miƙa masa ma, wasu matasa ya ba, saurayin makaɗi ne, ya ce su kira lambar.