Mutumin da ya nemi a manta da shi

A shekarar 1998, jaridar La Vanguardia ta ƙasar Sifaniya ta buga wata 'yar sanarwa cewa za a yi gwanjon kadarar Mario Costeja González saboda bashin da hukuma ke binsa. An warware batun bashin tun tuni, amma bayan shekara goma sha ɗaya, duk wanda ya binciki sunansa a Google sai sanarwar ta tarbe shi. Ya kai kuka gaban hukuma a 2010. Ranar 13 ga Mayu, 2014, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa mutum yana da ikon neman a cire bayanin da ya tsufa daga sakamakon binciken sunansa. Sanarwar kanta tana nan a rumbun jaridar. Hanyar zuwa gare ta kawai aka toshe.

Haka lamarin yake ga mai goge abin da ya rubuta da hannunsa a intanet. Rubutun yakan ɓace daga idon jama'a, amma wanda ya ɗauki hotonsa a waya yana riƙe da shi, wanda ya kwafe shi cikin martani bai goge nasa ba, kuma Internet Archive tana taskance shafuka tun 1996. Sashe na 17 na dokar kare bayanai ta Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ya tanadi haƙƙin gogewa, haka ma dokar Najeriya ta 2023. Sai dai ƙarfinsu a kan kamfanoni da hukumomi ya fi tasiri. Hoton da ya riga ya zaga wayoyi dubu, ba takardar da za ta tattaro shi. Magana zarar bunu ce.

Duk da haka, gogewa tana da amfani. Matashin da ya yi rubutun fushi yana ɗan shekara goma sha tara bai cancanci ya ci karo da shi a wurin neman aiki ko binciken aure ba. Ɗan siyasar da ya goge alkawarin yaƙin neman zaɓe kuwa lamarinsa daban ne, domin kotun ta ce idan mutum yana da matsayi a harkokin jama'a, haƙƙin mutane na sani yana iya rinjayar nasa.

Shi kuwa Costeja ya yi nasara a kotu, amma a yau ɗaliban shari'a suna karanta sunansa tare da labarin bashin nan.