Guzurin Mai Tafiya Aikin Sa Kai

Tun zamanin da fatake ke ɗaure kaya su nufi Gwanja neman goro, maniyyata kuma su bi hanyar Barno da Sudan a ƙasa su yi shekaru kafin su ga Ka'aba, mutanen ƙasar Katsina sun saba da doguwar tafiya. Kai, har babban malami irin Muhammadu al-Kashinawi ya bar ƙasar nan ya sauke farali, ya zauna Alƙahira yana karantarwa, can kuma ajali ya riske shi a shekarar 1741. A zamaninmu sai ga wata irin tafiya ta samu, domin a shekarar 1987, wadda a cikinta aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, ta kafa shirin nan da ake kira TAC, wanda ke ɗibar malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi a aika da su ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan da na tekun Fasifik, su yi shekara biyu suna hidima, Nijeriya na biyan su alawus, ƙasar da ta karɓe su tana ba su masauki.

Allah ya ƙaddara ina cikin malaman da aka tura Gambiya, saboda haka har yau idan wani yaro daga Runka ko Safana ko Batsari ya sami irin wannan dama, yakan zo zaurena ya durƙusa ya ce, "Baba, me zan riƙe?" Amsar wannan ba ta da tsawo: fasfo, da katin allurar shawara, da takardun shaidar karatu, sai ɗan ƙullin kuka da daddawa da yaji, don mutanen can shinkafa ce cimarsu, marmarin tuwo kuwa ba ya jin lallashi. Wannan duka shirin yini ɗaya ne. Shirin da ke cin watanni, wanda kuma samari suka fi sakaci da shi, shi ne na haƙƙoƙin mutanen da za a bari a gida.

Farkonsu izinin mahaifa, kuma sanar da su daban, neman yardarsu daban. Uwa Bahaushiya, musamman ga ɗan fari, kara ba ta barinta ta ce kada ka tafi. Za ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya kiyaye hanya, alhali kuwa zuciyarta na lissafin shekarunta da ciwon ƙafar da ke damunta, tana tunanin ko za a sake ganawa. Mai hankali sai ya bi ta hannun gwaggo ko inna, wadda za a faɗa wa gaskiya ba tare da kunya ba, idan ya tabbata yardar ta kai zuci, sa'an nan ya yi istihara ya ɗaure kayansa.

Bayan wannan sai gona, a nan kuwa nake so a saurare ni da kyau. Shekara biyu a takardar ma'aikata damina biyu ke nan a wurinmu, da shuka biyu, da noman fari da maimai da girbi sau biyu, waɗanda duk za a yi su ba ka nan. Na san wani abokin aikina, Allah ya jiƙansa, wanda ya ba ɗan'uwansa aron gona da baki kawai, a tsaye bakin masallaci bayan sallar isha'i, ba shaida ba takarda, don a ganinsa kiran shaidu tsakanin 'yan'uwa rashin kunya ne. Da ya komo sai ya tarar gambar da ke kan iyaka ta matsa da kunya uku, maƙwabci na rantsuwa haka ya gada, ɗan'uwan kuma na cewa takin da ya zuba ya ba shi haƙƙin ƙarin damina; maganar da ta kai su gaban dagaci, aka raba gardama, amma zumuncin bai koma yadda yake ba har suka bar duniya. Da an kira mai unguwa da dattawa biyu an zaga iyakar tun farko, an faɗi ko aro ne ko haya ko jingina, an rubuta, da duk wannan bai faru ba. Shari'a da ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu ta san halin ɗan Adam fiye da yadda ya san kansa.

Haka nan nafaƙar iyali. Ka shiga rumbu da kanka ka ƙidaya dammunan gero da dawa, ka san watan da za su kai, ka naɗa wakili guda ɗaya tak, mai amana, wanda maiɗakinka ta yarda da shi kuma ba ta jin nauyin aika masa, domin dukiyar da aka ba mutum uku tsaro ba ta da mai tsaro. Ka biya basussukanka, wanda ya gagara ka rubuta shi cikin wasiyya, ka daina ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. A zamaninmu wasiƙa kan yi makonni a hanya. Yanzu, tun da wayar salula ta shigo a 2001, yara na zaton duk abin da ya taso sa gyara shi ta waya, sun manta murya ba ta ɗaukar mara lafiya zuwa asibitin Katsina da tsakar dare. Balle kuma a 'yan shekarun nan da ɓarayin dajin Rugu suka hana ƙasarmu barci, wajibi ne mutum ya yanke shawara da iyalinsa, tun yana nan, inda za su koma da wanda zai kwashe su idan al'amari ya ɓaci.

Dalilin da ya sa na nace a kan waɗannan shi ne, wanda ya bar gida a warware ba ya iya yi wa kowa hidima. A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya daina ƙasaru, ya zama mazauni. To ina ga mai shekara biyu? Ana bukatar ya zauna da zuciya ɗaya, ya koyi gaisuwar Mandinka ko ta Wolof, ya je suna da jana'iza, ya san iyayen ɗalibansa. Na ga waɗanda jikinsu na cikin aji a Banjul, hankalinsu na wajen rigimar gado a gida, ɗalibai suka yi hasara, su kuma ladan da suka fita nema ya yi ƙaranci.

Saboda haka, ya kai ɗana da sunanka ya fito, kafin ka hau mota zuwa Abuja, ka ware mako guda cur ka bi gidajen dangi da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa, ka mayar da amanar da ke hannunka, ka zaga gonarka da shaidu. Ku kuma dangi da aka bar wa amana, ku ji tsoron Allah ku riƙe ta har mai ita ya komo.