Baƙo a Cikin Harshensa

Daga Sarkin Yamma zuwa Kano tafiyar yini guda ce: a biyo ta Maraɗi, a ƙetare iyaka a Ɗan Isa, a ratsa Jibiya da Katsina. Saurayin da ya bi wannan hanya domin ya yi shekara ɗaya yana karatun Hausa a Jami'ar Bayero bai ɗauki kansa mai zuwa ƙasar waje ba. Ai sarakunan Maraɗi daga Katsina suka fito bayan jihadin 1804, har yau kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, alƙibla ɗaya.

Makon farko ya warware masa wannan zato. In ya ce “lakwal”, sai a tambaye shi ko makaranta yake nufi. In ya ce “tahi” ko “hwari”, sai a maimaita ana dariya. Abokan ɗakinsa suka laƙaba masa “ɗan Faranshi”. Littattafan nazari kuwa da yawansu da Ingilishi suke, Faransancin da ya sha wuya a kansa bai tsinana masa kome ba. Yana yaro an rataya masa sambol a wuya don ya yi Hausa a cikin aji. Ga shi ya girma, ya zo inda ake ba da digiri a kan Hausar, an nuna masa tasa ta ƙauye ce. Sai ya rage magana, ya shiga kwaikwayon bakin Kanawa.

Darasin karin harshe ne ya cece shi. Malamin ya dube shi ya ce: “Malam, daga Maraɗi kake ko? Taso ka yi mana magana yadda ake yi a gida.” Ya miƙe jikinsa a sanyaye. Duk abin da ya faɗa, malamin ya rubuta a allo, ya nuna wa ɗalibai cewa wannan “h” da suke wa dariya ƙa'ida ce ta Hausar yamma, wadda ake ji tun daga Katsina har Sakkwato. Ya ƙara da cewa daidaitacciyar Hausa an ɗora ta a kan Kananci ne domin rubutu ya zo ɗaya, kuma masana sun zauna a kan rubutun a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980. A ranar ya gane bakin mahaifiyarsa abin nazari ne, ya daina jin kunyarsa.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Da shekara ta zagayo wasu suka ba shi shawara ya zauna, mai Faransanci ba ya rasa aiki a Kano. Ya yi ta juya maganar, ƙarshe ya ɗaure kayansa ya wuce Yamai neman takardar malanta. Littafi biyu ya fi tattali a cikin jakarsa: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, da wani ƙaramin kaye da ya fara cikawa da kalmomin Inna waɗanda bai tarar a ƙamusun ba.

Tun 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma doka ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Sai dai doka ba ta shiga aji ta riƙe alli. Malami ne zai tsaya gaban ƴaƴan Madarunfa ya koya masu rubuta “tafi” ba tare da ya sa sun raina “tahi” ta iyayensu ba. Sai da ya yi shekara yana baƙunta a cikin harshensa kafin ya iya wannan.